Littafin da Aka Ce wa Baldwin Ya Ƙone

Da dare James Baldwin yake rubutu. Idan an ci abinci, baƙi sun watse, gida ya yi tsit, sai ya jawo takarda, ba ya tashi sai wajen ƙarfe uku ko huɗu. Da mujallar Paris Review ta tambaye shi dalili, a wata doguwar hira da ta buga a 1984, bai kawo wata falsafa ba. Ya ce tun yana yaro haka ya saba: sai ƙannensa sun yi barci yake samun sarari, da ya girma kuma rana ta zama ta neman abin sawa a baka. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara, a wani matsattsen gida a unguwar Harlem ta birnin New York, inda aka haife shi a 1924. Uwarsa tana fita aikatau, saboda haka raino ya faɗo kansa. Yakan riƙe jariri da hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun.

Al'adar ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A gidansa na ƙauyen Saint-Paul-de-Vence a kudancin Faransa, inda ya zauna daga farkon shekarun 1970 har rasuwarsa a 1987, ƙofa a buɗe take, teburinsa ba ya rabo da masu cin abinci da masu gardama. Amma ɗakin da yake aiki a ciki, ɗakin azaba yake kiransa. Akwai tsohuwar tafireta mai aiki da lantarki a gefen tebur, shi kuwa da alƙalami yake rubutu, don ya ce rubutun hannu yana sa mutum ya gajarta jimla, ya faɗi magana kai tsaye. Wahalar tana wajen maimaitawa, kuma yawancin maimaitawar, in ji shi, sharewa ce: a cire ado, a cire dogon bayani, har jimla ta fito tas kamar ƙashin da babu sauran nama a jikinsa. Da aka tambaye shi game da baiwa, ya ce ya san masu baiwa da yawa da suka lalace. Abin da ke riƙe marubuci shi ne horo da ƙauna da sa'a, sannan fiye da duka, juriya.

Mutum zai yi mamakin yadda wanda Allah ya hore wa harshe kamar Baldwin yake ɗari-ɗari da harshen nasa. Dalilin yana can baya, a kan mumbari. Mijin uwarsa, David Baldwin, wanda ya rene shi ya kuma ba shi sunansa, mai wa'azi ne mai zafin rai, a ranakun mako kuma leburan masana'anta. Yaron yana ɗan shekara 14 ya fara wa'azi a wata ƙaramar majami'a ta 'yan Fentikos, nan da nan ya fi uban jan jama'a. Shekara uku ya yi a haka. Daga baya, a littafinsa The Fire Next Time na 1963, ya kwatanta mumbarin da dandalin wasan kwaikwayo, ya ce shi yana bayan labule, ya san yadda ake haɗa abin, ya san yadda ake juya jama'a har talaka ya zazzage aljihunsa. Bangaskiyarsa tana rugujewa a hankali, bakinsa kuwa bai rage kaifi ba, masu sauraro ma ba su lura ba. Yana shekara 17 ya sauka. Amon wa'azin bai taɓa barin jimlolinsa ba, duk wanda ya karanta shi zai ji kiɗan Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin majami'a. Sai dai ya sauko da wani sani da ya zame masa ƙa'idar aiki: mutum yana iya ɓuya a bayan magana mai daɗi, ya ɓuyar wa jama'a, ya kuma ɓuyar wa kansa.

Wanda ya fara koya masa wata hanya mai zane ne, Beauford Delaney, baƙar fata mai zaune a unguwar Greenwich Village. Baldwin ya sha ba da labarin ranar da suke tsaye a bakin titi suna jiran danja, Delaney ya nuna ƙasa ya ce masa ya duba. Ya duba, ya ga ruwa kwance a kwata. Delaney ya ce ya sake dubawa. A karo na biyu ya ga mai yana yawo a saman ruwan, ga hoton gine-ginen birnin a ciki.

A watan Nuwamba na 1948 ya bar Amurka da dala 40 a aljihu, yana shekara 24. Ya ce da ya zauna, ko ya kashe wani ko a kashe shi. Shekara biyu kafin nan amininsa Eugene Worth ya faɗa kogi daga gadar George Washington, kuma Baldwin ya ga cewa hanyar da ta kai abokin nasa can ita ce shi ma yake bisa. A Paris ya sha yunwa, ya kwana a otal-otal na talakawa, har ya yi kwana takwas a kurkuku a ƙarshen 1949 saboda wani zanen gado da wani ya ɗauko daga otal ya ara masa. A benen gidan shan gahawa na Flore yake fakewa da rubutu, don can akwai ɗumi. A Paris ɗin ne kuma ya haɗu da wani matashi ɗan Suwizalan, Lucien Happersberger, wanda ya so fiye da kowa a rayuwarsa. Lucien ne ya kai shi gidan danginsu a wani ƙauye na kan duwatsu, Loèche-les-Bains, inda mutanen garin ba su taɓa ganin baƙar fata ba, yara suna bin sa suna taɓa gashinsa. Ya je da tafireta da faifan garmaho biyu na mawaƙiya Bessie Smith. A Amurka gudun waƙoƙinta yake yi, don suna tuna masa abin da yake so ya manta. A cikin ƙanƙarar nan muryarta ce ta dawo masa da yadda mutanen gidansu suke magana, ya ƙarasa littafin da ya shafe shekara goma yana fama da shi. Go Tell It on the Mountain ya fito a 1953.

Kamfanin Knopf da ya buga shi ya samu abin da yake so: matashin marubuci baƙar fata, ɗan Harlem, mai ba da labarin majami'a da talauci da wariya. Kasuwa ta riga ta kafa masa rumfa, abin da ya rage ya zauna a ciki ya ci gaba da kasa irin hajar da aka san shi da ita. Sai ga shi ya aiko da littafi na biyu, babu Harlem a ciki, babu baƙar fata ko ɗaya. Labarin wani Ba'amurke ne fari, David, da wani ɗan Italiya mai aikin mashaya a Paris, Giovanni, da soyayyar da ta shiga tsakaninsu, da yadda ta ƙare.

Tushen labarin, a yadda Baldwin ya faɗa, wata haɗuwa ce ta ɗan lokaci. Suna zaune a mashaya, wani Bafaranshe ya saya musu abin sha. Bayan kwana biyu ko uku ya ga hoton mutumin a shafin farko na jarida, an kama shi, daga baya aka fille masa kai, don Faransa ba ta soke hukuncin kisa ba sai 1981. Fuskar ta ƙi barin zuciyarsa. Sauran abin da ke cikin littafin daga nasa cikin ya fito. Lucien ya riga ya yi aure ya haihu, kuma shi aka sadaukar wa littafin.

Knopf suka ƙi. Baldwin ya ce abin da suka gaya masa shi ne alfarma suke yi masa: shi marubucin baƙar fata ne, yana da masu karatunsa, wannan littafi zai kore su ya kashe masa suna. Ya ce har shawara aka ba shi ya ƙone rubutun. Kuma masu shawarar ba ƙarya suke yi ba game da zamanin. A 1956 babu jiha ɗaya a Amurka da dokarta ba ta hukunta kwanciyar namiji da namiji ba, Illinois ce ta fara soke tata a farkon shekarun 1960. A 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan umarnin da aka yi amfani da shi wajen korar dubban ma'aikatan gwamnati bisa wannan zargi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta sa abin cikin jerin cututtuka a 1952, ba ta cire ba sai 1973. Marubutan da suka taɓa batun kafin shi sun san farashin. E. M. Forster na Ingila ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, ya adana, yana nuna wa amintattu kaɗai, sai a 1971 aka buga, shekara guda bayan mutuwarsa. Patricia Highsmith ta fitar da The Price of Salt, labarin soyayyar mata biyu, a 1952 da sunan aro, Claire Morgan, ba ta yarda an sa sunanta a bango ba sai 1990. Gore Vidal ya sa nasa sunan a The City and the Pillar a 1948, amma shi jikan sanata ne, yana da inda zai jingina. Baldwin ba shi da dangi masu ƙarfi, ba shi da kuɗi, ga launin fata. Ya ɗauki rubutun ya kai Landan, kamfanin Michael Joseph ya karɓa, sannan wani ƙaramin kamfani a New York, Dial Press, ya buga Giovanni's Room, wato Ɗakin Giovanni, a 1956, da cikakken sunansa a kai. Yana shekara 32.

Me ya sa ya nace? Amsar da ya bayar bayan kusan shekara talatin gajeriya ce: da bai rubuta wannan littafi ba, da wataƙila sai ya daina rubutu gaba ɗaya. Wanda ya san tarihin mumbarin zai gane abin da yake nufi. Yana shirin ya tsaya gaban Amurka ya gaya mata ƙaryar da take yi wa kanta game da baƙar fata. Da wane baki zai faɗi haka, in shi ma yana riƙe da tasa ƙaryar a kan abin da ya fi kusa da shi? Da ya koma wa'azin da ya gudu ya bari.

Littafin gajere ne, kuma a dare ɗaya aka ba da labarin duka. David yana tsaye a tagar wani gidan haya a kudancin Faransa, budurwarsa Hella ta kama hanyar komawa Amurka, da asuba za a fille wa Giovanni kai. Daga nan yake waiwaye. Ya tuna Joey, abokinsa na ƙuruciya a Brooklyn, wanda suka kwana tare sau ɗaya, da gari ya waye tsoro ya kama shi, ya riƙa muzguna wa yaron har ya rabu da shi. Ya tuna zuwansa Paris, da tambayar aure da ya yi wa Hella, da tafiyarta Sifaniya don ta yi tunani, da daren da rashin kuɗi ya kai shi mashayar wani mai suna Guillaume, inda ya ga sabon ma'aikaci a bayan kanta.

A kan ɗakin ne Baldwin ya zuba ƙwarewarsa. Ɗakin 'yar aiki ne a ƙasan wani gini can gefen gari, bai isa mutum biyu ba. Giovanni ya shafe gilashin taga da farin maganin goge-goge don kada masu wucewa su leƙo, saboda haka haske ma da ƙyar yake shiga. An ɓare takardar adon bango a gefe guda, a ɗaya gefen an bar hoton wata mace da wani namiji cikin tufafin da, suna tafiya tsakanin furanni. Akwatunan kwali sun yi tsibi, jan giya ya zube ya bushe a ƙasa, ga wani dankali guda da ya yanƙwane ba wanda ya ɗauke. Giovanni yana ta fasa bango da guduma, yana zare tubali ɗaya-ɗaya, wai zai gina ma'ajiyar littattafai a ciki. Mai karatu yana gane abin da David ya ƙi ganewa: mutumin nan gida yake ƙoƙarin ginawa, da hannunsa, don wanda yake so ya zauna. Ya baro ƙauyensu a Italiya ne bayan matarsa ta haifi ɗa babu rai, ya tofa wa gicciye yawu ya fita. Duk abin da ya rage masa a duniya yana cikin ɗakin nan. David kuwa ƙazantar kawai yake gani, da ƙuncin bango, da hanyar fita.

Abin da ya sa littafin bai tsufa ba shi ne Baldwin ya miƙa labarin ga wanda ya fi kowa laifi, kuma ya ba shi baki. David ya iya magana ƙwarai. Yana da kalma ga kowane hali, kuma kowace kalmar ƙofar gudu ce. Idan ya rubuta wa ubansa wasiƙa, kuɗi yake nema, ba ya ambaton wanda yake ciyar da shi. Ga Hella, Giovanni wani ne kawai da suka yi zaman ɗaki ɗaya saboda babu. Ga kansa kuma, abin da ke faruwa ɗan hutu ne kafin rayuwa ta gaskiya ta fara. Don ya tabbatar wa kansa cewa shi namiji ne kamar kowa, ya nemi wata yarinya Ba'amurkiya, Sue, ya kwana da ita yana ƙirga lokacin da zai tashi. Ranar da Hella ta dawo, bai ce wa Giovanni uffan ba, ya ɓace kwana uku, shi kuwa yana ta nemansa yana zaton ya mutu. Ba a cika kama David da ƙarya tsagwaronta ba. Rabin gaskiya yake faɗa, cikin ladabi da tsari, kuma da wannan rabin ya rusa mutum uku. Lokacin da suka yi rabuwar ƙarshe, abin da Giovanni ya tuhume shi da shi ke nan: bai taɓa son kowa ba, tsarkinsa yake so, yana so ya fita daga ɗakin ba tare da wani wari ya taɓa shi ba. Giovanni ya rasa aiki, ya rasa madafa, ya kashe Guillaume wanda ya wulaƙanta shi, aka kamo shi ɓoye cikin wani kwale-kwalen dakon kaya a kogin Seine. Hella kuma ta iske David da wani sojan ruwa a mashaya a birnin Nice, sannan ta fahimci cewa mayafi aka so a yi da ita.

Mai karatun da ya taso a gidan Musulunci ko na Kirista a ƙasar Hausa ya san hukuncin da addininsa ya yanke a kan wannan al'amari, kuma ƙagaggen labari ba fatawa ba ne. Baldwin ma a gidan da hukuncin yake a fili ya taso, bai kuwa rubuta littafin don ya yi gardama da malamai ba. Tambayar da ya ɗora a gaban mai karatu ita ce: mene ne haƙƙin wanda ya ba ka amanarsa? David ya ci amanar Joey, ya ci ta Giovanni, ya ci ta Hella wadda ta yarda ta aure shi da zuciya ɗaya, kuma duk ya yi ne don mutane su ci gaba da ganinsa da mutunci. Wannan ciwo ne da ba ya buƙatar tafinta a ko'ina. Shi kansa Baldwin ya ce neman jinsi motar da labarin ya hau ce kawai, ainihin maganar ita ce abin da ke samun mutum idan ya ji tsoron son kowa.

Littafin yana da inda ya gaza, kuma ƙaunarsa ba ta hana a faɗa ba. Tsofaffin mazan mashayar Guillaume, masu kwalliya da rangwaɗa, an zana su da ƙyama mai tsanani. Gaskiya ne da idon David ake kallonsu, kuma ƙyamar tasa tsoro ce, amma marubucin bai ba ko ɗayansu damar zama cikakken mutum ba, in ban da wani mai suna Jacques, wanda shi ma sau ɗaya ya faɗi magana mai nauyi. Hella ba ta samu rabin kulawar da aka yi wa ɗakin ba. Sannan labarin ya ƙare da mutuwa, kamar yawancin irinsa a wancan zamani, abin da Forster da Highsmith duka suka ƙi yi wa nasu taurarin.

Batun rashin baƙar fata a ciki ma ya jawo masa magana. Amsarsa babu kwana-kwana: a wancan lokaci na rayuwarsa ba zai iya ɗaukar kaya biyu a littafi guda ba. Batun jinsi da ɗabi'a kaɗai ya ishe shi nauyi, babu wurin da zai sa batun wariyar launi. Wannan magana ce ta mai sana'a da ya san iyakar ƙarfinsa a ranar, kuma bai tsaya nan ba. A ƙagaggen labarinsa na gaba, Another Country, ya haɗa su, baƙi da farare, maza da mata, a New York da Faransa. Littafin ya ba shi wahala na shekaru, ya yi ta yawo da rubutun ƙasa-ƙasa, sai a Santambul, inda abokinsa ɗan wasan kwaikwayo Engin Cezzar ya sauke shi, ya kammala a ƙarshen 1961. Rufus, makaɗin ganga da ya faɗa kogi daga gadar George Washington a farkon labarin, Eugene Worth ne ya dawo bayan shekara goma sha biyar.

Sunansa bai mutu ba kamar yadda aka yi masa hasashe. Another Country ya yi kasuwa a 1962, a watan Mayu na 1963 mujallar Time ta sa hotonsa a bango. Amma ya biya ta wata hanyar. A babban gangamin Washington na watan Agustan 1963, sunansa ba ya cikin masu jawabi, duk da cewa babu marubucin da ya kai shi suna a fafutukar neman 'yancin baƙar fata. Hukumar FBI ta tara masa fayil mai shafi 1,884, inda shugabanta J. Edgar Hoover ya rubuta da hannunsa a gefen wata takarda yana tambaya ko ba shi ne sanannen lalataccen nan ba. Wanda ya fi ciwo daga gida ya fito. Eldridge Cleaver, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar Black Panther, ya rubuta a littafinsa Soul on Ice na 1968 cewa Baldwin yana ƙin baƙar fatarsa yana bautar farare, ya kuma ɗaure zargin da halin jinsinsa. Baldwin, wanda zai iya yanka shi da harshe cikin jimla biyu, ya jira har 1972, sannan ya amsa a No Name in the Street cikin sanyin murya, har yana yabon basirar Cleaver. A lokacin gwamnati tana farautar 'yan ƙungiyar, kuma bai so ya ƙara wa maharba harsashi ba.

A 1984 ɗan jarida Richard Goldstein na jaridar Village Voice ya zauna da shi, ya tambaye shi kai tsaye ko yana jin kansa a cikin jama'ar da ke kiran kansu gay. Baldwin ya ce kalmar ba ta taɓa kwanta masa ba. Ya ce tun farko ya ɗauki abin a matsayin sha'ani tsakaninsa da Allah, kuma a wurinsa kalmar da ake siffanta mai neman jinsinsa da ita ba suna ba ce, wataƙila aikatau ce. Abin da ya sani game da rayuwarsa shi ne ya so wasu mutane, su ma sun so shi. Mutumin da aka taɓa cewa ya tsaya a matsayin marubucin baƙar fata ya ga abin da laƙabi yake yi wa littafi: da an liƙa shi, mai karatu sai ya ɗauka ya riga ya san abin da ke ciki, wanda abin bai shafa ba ya wuce, wanda ya shafa kuma ya shigo neman tuta.

Yana da hujja, amma hujjar ba ta rufe magana ba. A shekarar da yake wannan hira cutar ƙanjamau tana kwasar samari a New York da San Francisco, gwamnati ta yi gum. Waɗanda ake kora daga aiki, ake hana su ganin masoyansu a gadon asibiti, suna buƙatar suna guda da za su taru a ƙarƙashinsa su yi ƙara. Baldwin ya san haka sarai a batun launin fata, inda bai taɓa gudun cewa mu ba. A batun jinsi ya tsaya a kan ni. Wataƙila don a Harlem ta ƙuruciyarsa babu wannan jama'ar da zai shiga, da ta samu kuma ya ga yawancinta farare ne da ba su rabu da wariyarsu ba, kuma ya faɗi hakan ga Goldstein. Abin da ba za a ƙwace masa ba shi ne ya sa sunansa a bangon littafin shekara goma sha uku kafin tarzomar Stonewall da masu neman jinsi suka yi a New York a 1969, lokacin da babu wata ƙungiya mai ƙarfin tsaya masa.

Amsarsa mafi cika tana cikin ƙagaggen labarinsa na ƙarshe, Just Above My Head, na 1979. Shekara ashirin da uku bayan ɗakin Giovanni, ya dawo da batun cikin gida: Harlem, majami'a, iyali baƙar fata, tafiye-tafiyen waƙa zuwa kudancin Amurka a zamanin fafutuka. Tauraron, Arthur Montana, mawaƙin bishara ne da ya so maza, Crunch a ƙuruciya, Jimmy daga baya. Masu sharhi sun ce littafin ya yi tsawo, ya yi yawo, kuma da gaskiyarsu, mai share jimla ya saki hannu a nan. Amma dubi wanda ya ba labarin a wannan karo. Ya ɗauke shi daga bakin mai gudu ya ba wa Hall, yayan Arthur, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, wanda ya kasa daina makokin ƙaninsa. Akwai wurin da ɗansa Tony ya same shi, ya ce yara a makaranta suna kiran marigayi baffansa da wani mummunan suna, yana so ya san ko gaskiya ne. Hall bai musanta komai ba, bai kuma sauya zance ba. Ya gaya wa yaron cewa lallai Arthur ya yi mu'amala da maza, ya ambaci Jimmy wanda yaron ya sani, ya ce yana alfahari da ƙanin nasa har ranar da zai mutu, shi ma Tony ya kamata ya yi, sannan ya ƙi yarda a kira Arthur da wannan suna.